Ɗakin da ya kwana babu kowa: yadda ake auna ribar masaukan baƙi

Idan masu jari biyu suka zauna suna gardama a kan wane irin masauki ne ya fi riba a harkar yawon buɗe ido, sau da yawa kowannensu yana da gaskiya, domin ba abu ɗaya suke aunawa ba. Mai babban otal mai ɗakuna ɗari uku zai nuna yawan kuɗin da ke shiga asusunsa kowane dare, mai ƙaramin gidan sauke baƙi kuma zai ce kusan duk abin da ya shigo hannunsa nasa ne, babu albashi mai nauyi kuma babu bashin banki. Shi kuwa wanda ke ba da hayar gidansa ta intanet na kwana biyu ko uku zai ce bai gina komai ba, amma ga kuɗi suna shigowa. Kafin a yanke hukunci tsakaninsu dole ne a san abin da aka zuba a kowane ɓangare, da wanda ya zuba shi, da kuma ɗawainiyar da ake yi wadda ba ta taɓa shiga littafin lissafi ba.

Abu na farko da ya kamata a riƙe shi ne cewa ɗakin masauki kayan gwari ne. Ɗan kasuwar da kayansa suka yi kwantai yau yana iya mayar da su sito ya fito da su gobe, amma daren da ɗaki ya kwana babu kowa ya wuce ke nan, babu wanda zai sake sayen sa. A lokaci guda kuma mafi yawan abin da masauki ke kashewa ba ya raguwa don baƙi sun ragu. Kuɗin ruwa na bashin gini, da inshora, da harajin kadara, da albashin mai gadi da na mai karɓar baƙi, duk sai an biya su ko da mutum goma ne suka kwana a ginin. Abin da ƙarin baƙo ɗaya ke jawowa kaɗan ne: wankin zanen gado, sabulu, ɗan ruwa da wuta, da rabin awa na mai gyaran ɗaki. Wannan ne ya sa da zarar masauki ya haye matakin da ciniki ke biyan waɗancan kuɗaɗe na dole, kusan duk abin da ya biyo baya riba ne, idan kuma ya gaza kaiwa matakin, faɗuwar takan zo da sauri fiye da yadda mai shi ya yi tsammani.

Masu harkar suna da ma'auni uku da suke dubawa kullum. Akwai yawan ɗakunan da suka cika a cikin ɗari, akwai matsakaicin kuɗin da aka biya wa ɗaki a dare, sannan akwai na uku wanda ya haɗa biyun, wato a raba dukkan kuɗin kwana da aka samu a kan dukkan ɗakunan da ake da su, waɗanda aka kama da waɗanda ba a kama ba. Mu kira shi rabon kowane ɗaki. A ɗauka otal biyu ne, kowanne mai ɗaki 100. Na farko ya cika ɗaki 80 a kan dala 50, ya tashi da dala 4,000, rabon ɗakinsa dala 40. Na biyu ya cika ɗaki 50 kacal a kan dala 90, ya tashi da dala 4,500, rabon ɗakinsa dala 45, kuma ɗakuna 30 da na farko ya wanke ya share, na biyun bai taɓa su ba. Wanda ya leƙa harabar otal ɗin farko ya ga cinkoso zai ɗauka shi ne ke samu, alhali kuwa na biyun ya fi shi kuɗin shiga kuma ya fi shi ƙarancin kashewa. Cikar ɗakuna ita kaɗai ba ta nuna ƙwarewa, domin kowa zai iya cika masaukinsa idan ya karya farashi.

Sai dai shi ma wannan ma'auni na uku yana da makanta, domin kuɗin shiga kawai yake gani. Tun a 1926 ƙungiyar masu otal ta birnin New York ta fitar da tsarin lissafi na bai ɗaya wanda ke raba otal sashe-sashe, kowane sashe da kuɗin shigarsa da abin da ya ci, kuma har yau gyararren wannan tsari ne manyan otal-otal ke bi. Abin da wannan rabuwa ke tonawa kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Sashen ɗakuna yakan riƙe kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da ya samu, ko ma fiye, a matsayin ribar sashe, sashen dafa abinci da hidimar teburi kuwa ba kasafai yake kaiwa rabin haka ba, saboda yana cin ma'aikata da kayan da ke lalacewa da wuta da iskar gas. Ke nan otal mai gidajen cin abinci uku da zauren taro da wurin ninkaya yana iya ninka maƙwabcinsa a kuɗin shiga, amma kason da ke saura daga kowace dala ya fi na maƙwabcin ƙanƙanta.

Daga wannan fahimta ce otal-otal masu araha suka samo ƙarfinsu. Kemmons Wilson ya buɗe Holiday Inn na farko a Memphis ta Amurka a 1952 da tunanin cewa matafiyi a mota yana son ya san abin da zai tarar tun kafin ya iso, kuma ɗaki iri ɗaya a ko'ina ya fi sauƙin ginawa da sauƙin kulawa. Kamfanin Accor na Faransa ya kai wannan tunani ƙurewa a 1985 da otal-otal ɗin Formule 1, inda ake ƙera ɗakunan a masana'anta a kawo a jera, ɗaki ɗaya ya ɗauki mutum uku, banɗaki da wurin wanka na tarayya ne a baranda, da dare kuma na'ura ce ke karɓar katin banki ta ba baƙo lambar ƙofa. Duk abin da aka cire a nan an cire shi ne da lissafi. An tambayi kowace hidima ko baƙo zai biya ƙarin kuɗi saboda ita, wadda ba za a biya ba aka jefar da ita. Irin waɗannan masaukai ma'aikaci ɗaya kan ishi ɗakuna da dama, kuma a ganina idan ana maganar abin da ke saura daga kowace dala da ta shigo, da wuya a sami wanda ya fi su.

Akwai kuma waɗanda suka lura cewa abin da ke da tsada a tsakiyar babban birni shi ne fili, don haka suka daina sayar da ɗaki suka koma sayar da gado. Malamin makaranta Richard Schirrmann ne ya kafa masaukin matasa na dindindin na farko a fadar Altena ta Jamus a 1912, ba don riba ba, amma 'yan kasuwa sun ɗauki salon daga baya. Ɗakin da otal zai ba mutum biyu, masaukin matasa yakan jera masa gadaje shida ko takwas masu hawa biyu, kuma ko da kowane gado ya tafi a kan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ɗakin otal, jimillar tana iya zarce na otal ɗin. Japan ta ƙara matse lissafin a 1979 da aka buɗe otal na farko mai akwatunan kwana a Osaka, inda baƙo ke samun wurin da bai wuce tsawonsa da faɗin katifa ba. Raunin wannan tsari shi ne baƙinsa masu ƙididdige kowane kwabo ne, ba sa jure ƙarin farashi, kuma cika gadaje takwas da mutanen da ba su san juna ba aiki ne da ya fi sayar da ɗaki ɗaya wuya.

Otal na alfarma yana can ɗaya gefen. A cikinsa ma'aikata sukan fi ɗakuna yawa, wani wurin har mutum biyu ko uku ga kowane ɗaki, domin hidimar ita ce hajar da ake sayarwa. Amma abin da ya fi albashi nauyi shi ne uwar kuɗin da aka binne a ginin. Akwai tsohuwar ƙa'ida da masu harkar ke ambata, cewa kowace dala 1,000 da aka kashe wajen samar da ɗaki tana buƙatar dala ɗaya a farashin dare kafin jarin ya biya kansa. Ƙa'idar ba ta da tsauri, amma tana nuna girman matsalar: ɗakin da ya ci dala 800,000 tsakanin fili da gini da kayan ado yana neman dala 800 a dare, shekara da shekaru, ba a lokacin biki kawai ba. Shi ya sa otal na alfarma kan yi fice a rabon kowane ɗaki amma ya zama matsakaici idan aka auna ribarsa da jarin da ya ci. Da yawa daga masu irin waɗannan gine-gine ba ribar dare suke jira ba. Suna jiran darajar fili da ginin ta tashi, ko kuma suna sayar da gidajen zama masu ɗauke da sunan otal ɗin a benayen sama don su mayar da wani ɓangare na uwar kuɗin tun da wuri. Wannan kasuwancin kadara ne da ya sa rigar otal, kuma auna shi da ma'aunin masauki kaɗai yaudarar kai ne.

Wani nau'in da ba a cika yi masa kirari ba, alhali lissafinsa na da kyau ƙwarai, shi ne masaukin dogon zama, wato ɗaki mai ƙaramin kicin wanda baƙo ke kamawa na mako ko wata. Kamfanin Residence Inn ya fara da wannan salo a Wichita ta Amurka a 1975, babban kamfanin otal-otal na Marriott kuma ya saye shi a 1987. Sirrin yana wajen sauyin baƙi. Ranar da baƙo ya fita wani ya shiga ita ce ranar da ta fi cin kuɗi, domin a ranar ake cikakkiyar shara, a sauya komai, a yi rajista, a biya dillali la'ada. Baƙon da ya zauna kwana ashirin sau ɗaya ya jawo wannan ɗawainiya, inda baƙi goma masu kwana bibbiyu za su jawo ta sau goma. A shekarar 2020, lokacin da annobar korona ta rage masu yawon buɗe ido tsakanin ƙasashe da fiye da kashi 70 cikin 100, irin waɗannan masaukai sun fi manyan otal-otal na taro jurewa, domin ma'aikatan lafiya da 'yan kwangila da masu sauya gida ba su daina buƙatar wurin kwana ba.

Wuraren shaƙatawa na bakin teku da na tsaunuka babban abokin gabarsu shi ne kalanda. Otal a tsibiran Girka ko gaɓar Sifaniya yana iya cika maƙil daga Yuni zuwa Satumba, sannan ya rufe ƙofa a hunturu, ginin kuwa yana ci gaba da tsufa kuma banki yana ci gaba da ƙirga kuɗin ruwa. Haka masaukan tsaunukan Alps na Turai ke jiran dusar ƙanƙara, haka kuma otal-otal na kusa da Harami a Makka ke samun kaso mai tsoka na cinikin shekara a goman ƙarshe na Ramadan da kwanakin Hajji. Tsarin biyan komai a dunƙule, wanda kamfanin wuraren shaƙatawa na Club Med ya shahara da shi tun daga sansanin tantunansa na farko a tsibirin Mayoka na Sifaniya a 1950, wata dabara ce ta rage wannan rashin tabbas. Idan mai masauki ya san tun watanni kafin lokaci mutum nawa zai ciyar, yana sayen kaya da yawa a farashin sari, ya tsara ma'aikata daidai buƙata, kuma kuɗin da baƙo zai kashe a waje ya tsaya a cikin gida. Abin da ake biya a madadin haka shi ne dogaro da manyan kamfanonin shirya tafiye-tafiye, waɗanda ke kama ɗakuna da yawa a farashi mai rahusa kuma su biya bayan baƙi sun tafi. Da kamfanin shirya tafiye-tafiye na Thomas Cook ya durƙushe a Satumban 2019, masu otal da yawa a Sifaniya da Girka da Turkiyya da Tunisiya sun wayi gari sun riga sun sauki baƙin bazara sun ciyar da su, kuɗin kuwa bai zo ba.

Filayen kafa tantuna ba su da dogon bayani. Jarinsu kaɗan ne idan filin mai araha ne, ma'aikata ƙalilan ne, baƙo ne ke zuwa da makwancinsa, amma mako biyu na ruwan sama a tsakiyar lokacin ciniki suna iya cinye ribar shekara.

Inda lissafi ya fi ruɗarwa shi ne ƙaramin gidan sauke baƙi da iyali ke gudanarwa. A takarda yakan fi kowa kyau, domin babu manaja, babu sashen talla, albashi kuma kusan babu. Amma mai gidan ne ke tashi da asuba ya shirya karin kumallo, matarsa ko 'ya'yansa ne ke gyaran ɗakuna, shi ne kuma ke buɗe wa baƙon da jirginsa ya yi latti ƙofa da tsakar dare. Idan aka sa wa waɗannan awowi farashin da za a biya bare, aka kuma sa wa ginin kuɗin hayar da zai kawo da an ba da shi haya, abin da ake kira riba yakan koma albashi, wani lokaci ma albashin da bai kai na ma'aikacin otal ba. Akwai kuma wani rami da ƙananan masu masauki ke yawan faɗawa. Manyan otal-otal kan ware kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na kuɗin shiga kowace shekara domin sabunta katifu da labule da na'urorin sanyaya ɗaki, saboda sun san kayan ɗakin baƙi ba sa wuce 'yan shekaru kafin su gaji. Wanda bai ware ba yana cin uwar kuɗinsa ne yana zaton riba yake ci, sai ranar da baƙi suka fara rubuta ƙorafi a intanet sannan ya ga babu abin gyara. Ban faɗi haka don rage darajar irin wannan sana'a ba, domin tana da abin da babban otal ba zai iya saya ba, wato juriya: iyali suna iya ƙulle ciki su wuce mummunar shekara, kamfani mai albashin mutum ɗari biyu kuwa ba zai iya ba.

A ɗaya ƙarshen kuma akwai kamfanonin da sunansu ke saman ginin amma ginin ba nasu ba ne. A 1993 Marriott ya rabu gida biyu, ɗaya ya riƙe gine-gine da basussukansu, ɗayan ya riƙe suna da aikin gudanarwa, Hilton ma ya ware mafi yawan kadarorinsa zuwa wani kamfani dabam a 2017. A yau mafi yawan otal-otal masu ɗauke da waɗannan sunaye mallakar wasu masu jari ne da ke biyan kuɗin amfani da suna, wanda yawanci ake yanka daga kuɗin shiga tun kafin a san ko an ci riba. Saboda haka idan aka ce kamfanin otal kaza yana da riba mai yawa a kan ɗan jarin da ya zuba, gaskiya ne, amma dalilin shi ne wani ne ya ɗauki nauyin tubali da bashi. Mai ginin yana samun baƙin da sunan ke jawowa da tsarin kama ɗaki da masu katin zama abokan hulɗa, kuma sau da yawa cinikin yana biyansa, sai dai a shekarar da kasuwa ta mutu shi ne banki ke nema.

Dillalan intanet irin su Booking.com da Expedia sun ƙara wani layi a lissafin. La'adarsu takan fara daga kimanin kashi 15 cikin 100 ta haura, kuma ƙaramin masauki da ba shi da suna ya fi dogara da su, ya kuma fi biyan kaso mai yawa, domin ba shi da ƙarfin ciniki irin na kamfani mai dubban otal-otal. Haka nan dabarar sauya farashi kullum gwargwadon buƙata, wadda otal-otal suka koya daga kamfanonin jiragen sama na Amurka a shekarun 1980, tana buƙatar bayanai da manhaja da mutumin da aikinsa ke nan, abubuwan da mai ɗakuna takwas ba kasafai yake da su ba.

Airbnb, dandalin intanet da mutane ke ba da hayar gidajensu na 'yan kwanaki ta cikinsa, wanda aka kafa a San Francisco a 2008, ya ɗauki wannan rabuwa tsakanin mai suna da mai gini ya kai ta ƙurewa, domin ba ya gudanar da ko ɗaki ɗaya. Ranar da ya shiga kasuwar hannun jari a Disambar 2020 darajarsa ta zarce ta Marriott da Hilton a haɗe. Wannan nasarar dandalin ce, lissafin mai gidan kuwa dabam ne, kuma ya kasu biyu. Wanda ke ba da ɗakin da dama yake zaune babu kowa a gidansa kusan duk abin da ya samu ƙari ne, tunda ginin yana nan ko da baƙo ko babu. Wanda ya sayi gida ko ya kama haya musamman don wannan sana'a ya zama mai otal ne mai ɗaki ɗaya, ba tare da fa'idar yawa ba. Mai gyaran ɗaki a otal tana gama ɗaki ta tura keken kayanta zuwa na gaba, ta gyara goma sha wani abu a rana, mai share gidajen haya kuwa sai ta ratsa gari daga wannan gida zuwa wancan, da makulli da zannuwa a hannu. Shi ya sa kuɗin shara ke zama kaso mai nauyi a kan gajeren zama, shi ya sa kuma irin waɗannan gidaje suka fi dacewa da iyali ko ayarin abokai da za su kwana da yawa.

Wani ɓangare na arahar waɗannan gidaje ya samo asali ne daga abubuwan da otal ke biya su kuwa a farko ba sa biya, kamar ƙa'idojin kariya daga gobara, da lasisi, da harajin baƙi, da ma'aikaci mai kwana a bakin aiki. Wani ɓangaren kuma maƙwabta ne da masu neman hayar zama ke ɗauka, ta hanyar hayaniya da tashin kuɗin haya. Hukumomin birane sun fara mayar da wannan nauyi cikin lissafin mai gida. Landan ta ƙayyade dare 90 a shekara ga gidan da ake bayarwa gaba ɗaya ba tare da izini na musamman ba, Amsterdam ta rage nata zuwa dare 30 daga 2019, New York kuma tun Satumban 2023 take tilasta rajista, tare da sharaɗin cewa a zaman da bai kai kwana 30 ba dole mai gidan ya kasance a ciki kuma baƙi kada su wuce biyu. A Yunin 2024 magajin garin Barcelona, Jaume Collboni, ya sanar cewa lasisin gidajen baƙi kimanin 10,000 da ke birnin ba za a sabunta su ba bayan Nuwamban 2028. Wanda ya ci bashi ya sayi gida a can bisa lissafin kuɗin dare, yanzu sai ya sake zama ya auna ko kuɗin hayar wata zai iya biyan bankin.